Ranar da Aka Cire Ƙofar Motiba

Ni fa ban ce ina da kunya ba, wannan ko uwar da ta haife ni ba za ta yi min shaida ba. Amma ku da kuka ji a bakin matan unguwa wai Jigna ta ƙazantar da tsohuwa, ku tsaya ku san tsohuwar tukuna, ku san ƙofar, sannan ku yanke min hukuncin da kuka ga dama. In kun ga zancen yana karkacewa ku yi haƙuri, aji shida na tsaya.

Sunanta Jamnabai, amma duk garin Mandvi babu mai kiranta haka sai katin asibiti. Motiba ake ce mata, wato babbar uwa. Kakar mijina Dhiren ce, uwar babansa. Shekarunta tamanin da bakwai ko da tara, ya danganta da ranar da ka tambaye ta. Tsayinta bai kai kafaɗata ba, kanta a aske tun mutuwar mijinta, kullum cikin zanin sari launin hanta. Kunnen hagu ya mutu, na dama kuma abin da ya ga dama yake ji.

Tana da sha takwas aka kawo ta gidan a keken shanu. Mijin ɗan kasuwar teku ne kamar ubansa da kakansa, a kai yadi Zanzibar da Maskat, a dawo da kanumfari da dabino. Sai ya shekara biyu bai waiwayo gida ba. Ta taɓa cewa in aka haɗa duk kwanakin da suka yi tare ba za su cika shekara shida ba. Na ce, "To 'ya'ya biyar ɗin fa, Motiba, ta wasiƙa ya aiko su?" Ta jefe ni da mafici. A can Zanzibar ya mutu, a can aka ƙona shi, ita akwatin ƙarfe kawai aka kawo mata da tabaraunsa a ciki. 'Ya'ya suka watse, wasu Bombay, wasu Maskat. Saura Bapuji, surukina, mai ɗan shagon yadin da ƙuda suka fi masu saye zuwa.

Abin da ya rage na arzikin gidan shi ne ƙofa. Ba ganyen da ake buɗewa nake nufi ba, katakon da ya kewaye shi: ginshiƙi biyu, kowanne sai da hannu biyu nake rungumarsa, da wani ƙato da ya gitta a samansu, da dokin ƙofa mai tsayi har ƙauri. Masu sassaƙa jirgin ruwa ne suka yi wa kakan mijinta, da irin katakon da in gara ta ciza sai ta zubar da haƙori. Layi bakwai ne na sassaƙa, wani cikin wani: sarƙa, furen bado, aku suna cizon mangwaro, ɗawisu, igiya a murɗe, sauran na manta. A tsakiyar na sama Ganesha, abin bautar nan mai kan giwa, yana zaune da tumbinsa. Hagu da dama kuma giwaye biyu sun miƙo waje, su suka ɗauki barandar ɗakin sama a ka.

Shekara kusan saba'in rana ba ta taɓa fitowa ta tarar da dokin ƙofar nan da datti ba. Motiba ta wanke shi, ta goge, ta zana alamar sa'a da jan gari, ta zuba 'yar shinkafa, ta sa fure. In bikin Diwali ya gabato sai ta hau kujera da man riɗi da tsinke, ta bi akun nan ɗaya bayan ɗaya tana sakace musu ido. Ta san wanda bakinsa ya karye, da shekarar da ya karye, da ɗan da ya karya shi, ko da yake ɗan yanzu yana da jikoki. Ba a taka dokin, ba a zama a kai, ba a miƙa wa mutum abu ta samansa. Ni kuwa ranar da aka kawo ni, lulluɓi har haɓa ba na ganin gabana, na ɗora ƙafa a kai ɗaram. Muryar farko da na ji a gidan aurena ita ce tata.

"Wannan wahu ɗin a wace kasuwar awaki kuka samo ta?"

Wahu, matar ɗa ke nan. Har yau ban taɓa jin ta kama sunana ba.

Tun ranar nake tsoronta, ni da ba na tsoron mutane. Ba ta duka, ba ta ɗaga murya. Kallo ne kawai, sai ka ji kamar ka manta ba ka sa kaya ba.

Motiba tana cikin masu tsananin tsarki. Da ta yi wankan safe shi ke nan babu mai taɓa ta, ko gefen zaninka ne ya goge ta sai ta koma ta sake. Ruwan famfo ba ya shiga bakinta sai na rijiyar tsakar gida. Abincinta ita ke dafa abinta. Duk saboda Lalan. Lalan shi ne Krishna, abin bautarmu, yana jariri, na tagulla, bai fi babban yatsana ba, yana rarrafe da curin man shanu a hannu. A gidanmu ba a ce masa mutum-mutumi. Yaro ne, kuma shi ne mai gidan. Ɗakinsa shi ne na saman ƙofa, mai barandar nan. Ta tashe shi, ta yi masa wanka da ruwan ɗumi, ta sa masa riga, in ana sanyi har da 'yar hula. Ta ajiye masa abinci, ta ja labule, ta juya baya tana jan carbi, don ba a kallon yaro yana ci. Daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya ko gobara ake ba ta motsawa. Duk mai shiga ɗakin sai ya yi wanka ya hau da jiƙaƙƙen zani. Mace mai al'ada kuwa ko matakalar ba ta takawa, kwana uku tana zaune a kan buhu a lungun tsakar gida da kwanonta daban.

Kar ku ɗauka muguwa ce. Lokacin da na yi ɓari, Dhiren yana teku a jirgin da yake aiki, ita ce ta zauna nesa da ni kaɗan, yini guda cur, tana rera min waƙa da tsohuwar muryar nan tata. Ba ta taɓa ni ba, amma ko fitsari ba ta tashi ba.

Dillalan tsofaffin ƙofofi daga garin Jodhpur sun yi shekaru suna shawagi a unguwarmu kamar ungulu. Gidan da ke kallonmu tuni an cire tasu, an ce tana wani otal an liƙa mata madubi a tsakiya. Duk wanda ya tsaya yana shafa akunmu, Motiba takan sheƙo masa ruwa daga baranda. To bara rufin baya ya fara zuba, shago ya mutu, 'yan'uwan Bapuji kowa ya bugo waya sai "sayar, sayar." Ya sayar da ƙofar. Bai gaya mata ba. Ni ma a bakin mai kawo madara na ji, na tare shi a zaure.

"Bapuji, Motiba ta sani?"

"Wahu, tun yaushe na fara shawara da ke?"

"Za ta mutu fa."

"In ta ji, kwanciya za ta yi a kan dokin ta ce a sare da ita. Awa biyu take yi a sama, kunne babu. Kafin ta sauko an ɗora a mota. Kuka za ta yi, kuka kuma bai taɓa kashe kowa ba."

Ya je wurin mai duba aka zaɓo masa lokaci: Alhamis, daga tara da minti goma zuwa goma da rabi. Bayan nan sa'ar cuta ce, washegari kuma watan da ba a fara komai a cikinsa zai kama.

Alhamis ɗin ta same ni a kwana na biyu a kan buhu. Daga lunguna ina hango zaure da ƙofar. Ƙarfe takwas Ramju ya iso, tsohon kafinta, Musulmi daga unguwar masu jirgi. Shi ya cire rabin ƙofofin garin nan, kuma a faɗarsa ko kyanwa bai taɓa dannewa ba. Ya ƙwanƙwasa ginshiƙin, ya kara kunne, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon giwayen.

"Maigida, wannan ba ƙofa ba ce kawai, ƙafar bene ce. Sandunan ƙarfe guda shida na ce a kawo na tokarewa. Suna ina?"

"Suna hanya daga Bhuj. Taya ce ta fashe."

"To a kawo shayi mu jira taya."

Dillalin, wani mai murɗaɗɗen gashin baki da zobe a kowane yatsa, ya yi dariya.

"Baba tsoho, a Jodhpur da gora biyu muke cire wadda ta fi wannan."

"Sai ka koma Jodhpur ka cire. Ku dutse ne a kan dutse. Nan katako ne ke goye da dutse."

Tara ta yi, Motiba ta hau da kwanon Lalan, ba ta ko kalli zaure ba. Tara da kwata ta wuce. Bapuji sai kai-kawo yake yana duba agogo kamar wanda matarsa ke kan gwiwa.

"Ramju-bhai, sa'a tana wucewa."

"Sa'ar taka ta san nauyin bene?"

"Mai duba ya ce abin da aka fara a cikinta ba ya ɓaci."

"To kira shi ya zo ya tsaya a ƙarƙashi."

Na ƙyalƙyale da dariya daga kan buhuna, kuma ita ce dariyata ta ƙarshe a gidan nan. Dillali ya ce yana da leburorinsa biyu, za su iya. Ramju ya tattara gudumarsa da zartonsa ya tsallaka titi. Daga can ya juyo.

"Akwai mutum a sama?"

Bapuji ya kalli ƙasa. "Babu."

Na ce, "Motiba tana sama." Muryata ba ta kai titi ba, amma ta kai kunnen Bapuji. Ya shigo tsakar gida da sauri, ya tsaya nesa da buhuna.

"Wahu, ja mayafinki, ki ja bakinki. Kika ƙara kalma ɗaya, yau a gidan ubanki za ki ci abincin rana."

Na yi shiru. Ni Jigna, da aka kora daga makaranta saboda baki, na yi shiru. In kuna neman laifina na gaskiya ga shi nan, ba wanda matan unguwa suke yawo da shi ba.

Aka fasa kwakwa a gindin ƙofa. Leburori suka kafa gora biyu, suka cire ganyayen, suka fara tonon farar ƙasar da ke riƙe da ginshiƙin hagu. Sannan suka zura dogon ƙarfe suka danna.

Ba wata babbar ƙara ba ce. Kamar mutum ya taka busasshiyar gurasa. Sai ƙura ta fara zubowa daga rufin zaure, a hankali, kamar ana tankaɗe. Na ga gora ɗaya ta lanƙwashe. Ginshiƙin ya zamo waje daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, giwar hagu ta sunkuyar da kai.

Ramju ya miƙe a tsallaken titi. "Ku saki ƙarfen. Ku fito." Sai ya ɗaga kai ya ga taga. "Maigida, hayaƙin turaren wa nake gani a sama?"

Bapuji ya kwasa da gudu zuwa matakala. Ya ɗora ƙafa a ta farko, sai ya tsaya cak. Ya kalli jikinsa: kayan titi, takalmi, hannun da ya gaisa da dillali. Ya ɗaga kai yana kira, "Ma. Ma, sauko." Ina za ta ji. Sai ya juya ya ruga rijiya ya fara zura guga.

Na rantse muku da idona na gani. Uwarsa tana kan benen da ke faɗuwa, shi yana jan ruwan wanka. Kuma ba mugunta ba ce. Shekara sittin bai taɓa hawa matakalar nan a bushe ba, ƙafarsa ba ta san yadda ake yi ba. Rijiyar kuwa gaba goma sha biyar ce.

Ni ma kar ku ɗauka zumbur na miƙe. Ni ma da abin aka raine ni. Uwata ta sha ba ni labarin matar da ta shiga ɗakin bauta da jini a jikinta ta makance kafin shekara. Gora ta biyu ta yi ƙara. Ban san lokacin da na tashi ba.

Matakala sha huɗu ce. Ƙofar ɗakin ta cije, sai da na sa kafaɗa. Daɓen ya karkata wajen titi, wani ɗan kofin tagulla yana gangarawa shi kaɗai. Bango ya tsage daga sama har ƙasa, rana tana shigowa ta tsagar. Motiba tana zaune ta ba labule baya, ido a rufe, leɓe yana motsi.

"Motiba, tashi, bene zai faɗi."

Ta buɗe ido. Ba tsagar bangon ta kalla ba. Ƙafafuna ta kalla a kan daɓenta.

"Kwana nawa?"

"Biyu. Tashi."

"Fita."

Na durƙusa saitin kunnen dama na ɗaga murya. "Sun cire ƙofar. Ɗanki ya sayar. Babu abin da ke riƙe da mu."

Wannan kam ta ji. Amma abin da ta ce shi ne, "Yana cin abinci. Ba a tashin yaro a kan abinci."

Daɓen ya nutsa a ƙarƙashina, kaɗan, kamar yadda kwalekwale yake yi in mutum ya shiga. Na sungume ta.

Ba ta fi ƙullin wanki nauyi ba, amma ta yi kokawa. Ta maka min carbi a ido, ta kafa min haƙoranta uku a kafaɗa, tana cewa, "Sake ni, ƙazama, sake ni." Ban san yadda muka sauko ba. Na dire ta a bakin rijiya, a gaban Bapuji da ke tsaye sharkaf da guga a hannu. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kifa ta fara rarrafe wajen matakala.

"Lalan. Yana ciki shi kaɗai."

Na ce, "Bapuji, ka yi wanka ai, hau ka ɗauko shi."

Ya kalli matakalar, ƙura tana gangarowa kamar hayaƙi. Tsarki ya samu, ƙafa ta ƙi. Tsohuwa kuwa har ta kama mataki na farko da hannu, kuma na san in ba a sauko mata da shi ba sai ta hau. Na tsallake ta na koma.

Hawa na biyu ya fi na farko, don yanzu na san abin da ke can. Tsagar ta buɗe har ina ganin kawunan mutane a titi. Tsayuwa ba ta yiwuwa, na kwanta da ciki na ja jiki. Kowane motsi sai wani abu ya amsa a ƙasa. Na yaye labulen da ko a ranar tsarkina ban isa in taɓa ba. Ga shi nan da 'yar hularsa, ga kwanon abinci. Hannu biyu nake buƙata in ja da baya, zani babu aljihu. Na ce, "Ka yi haƙuri, ɗan nan," na cusa shi cikin rigar mamana. Sanyinsa har yau ina jinsa a wurin.

Ina kai bakin ɗaki baranda ta tafi. Ban waiwaya ba. Da ɗuwawu na sauko matakalar, fitsari yana bin ƙafata.

Babu wanda ya mutu. Lebura ɗaya ya karye a yatsan ƙafa. Katakon sama ya tsage biyu, dillali ya kwashe ginshiƙan ya bar shi a titi. Kafin ƙura ta lafa tsakar gida ta cika da maƙwabta, kuma a gabansu na zura hannu a riga na fito da Lalan na miƙa. Motiba ba ta karɓa ba. Ta shimfiɗa gefen sarinta a ƙasa, na ajiye shi a kai. Ta daɗe tana kallonsa.

"A ina kika sa shi?"

Kowa ya gani.

Kwana uku malaman haikali suna wanke shi da madara da zuma da nono. Motiba ta yi kwana biyar ba ta sa komai a baki ba. Mutum ɗaya ne ya ce min sannu, Ramju. Ya ce, "'Yar nan, da ni na haife ki da yau na yanka rago." Dhiren da na ba shi labari a waya cewa ya yi, "Duk gidan babu mai hawa sai ke?" Matan haikali kuwa in na shigo sai su janye zannuwansu.

Yanzu muna haya a ɗaki biyu kusa da tashar mota, ƙofar ƙarfe ce, babu rijiya. Kullum da sassafe Bapuji yakan yi wanka ya je kangon tsohon gida ya ɗebo mata tulu ɗaya, sannan ya wuce shagon wani da yake tsarewa, sai yamma. Shi ta yafe masa, ko dai tana karɓar abu daga hannunsa. Ni kuwa da bango take magana: "A gaya wa waccan ta rufe taga."

Sati uku ke nan zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba ta iya ɗaga kofi. Likita ya ce a ba ta ruwa kowace awa, in ba haka ba ƙodarta za ta tsaya. Daga safe zuwa yamma daga ni sai ita. Nakan yi wanka, in sa jiƙaƙƙen zani, in ɗebo daga tulunta da kofinta, komai yadda ta koya min. Da na matso sai ta damƙe baki ta juya wa bango. Na roƙi matan haikali wata ta zo ta riƙa ba ta, ɗaya ta zo kwana biyu ta ce nesa ta yi mata yawa. Leɓenta ya tsattsage, harshenta ya yi fari.

Jiya ta yi min magana, ni da kaina, karo na farko tun ranar. Sai da na kara kunne.

"Wahu. Da kin bar ni, da Lalan ne zai ɗauke ni da hannunsa, ina kan aikinsa. Yanzu ban san hannun wa zai ɗauke ni ba."

Ba zagi ba ne. Tsoro take ji, na gani a idonta, kuma ni na sa mata shi.

Yanzu haka ƙarfe biyu ne. Tun bakwai rabonta da ruwa, Bapuji ba zai dawo ba sai shida. Kofin yana gefena, ina jin numfashinta yana sarƙewa yana dawowa. Ƙarfinta bai kai na kaza ba, da hannu ɗaya zan iya buɗe bakin. To ku gaya min, in sake danne ta in ɗura mata, ko in zauna in zuba mata ido ta mutu da tsarkinta?